BABI NA UKU: IGIYAR KAREN FARAUTA A BIRNIN SAKKWATO, 1809 ZUWA YAU

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar farauta da ire-irenta a ƙasar Hausa, an kuma kawo makaman da mafarauta suke fita da su, tun daga gora da barandami har zuwa baka da bindiga. Wannan babi zai tsaya ne a kan abu guda wanda ba kasafai ake lissafa shi cikin kayan mafarauci ba, wato igiyar da yake riƙe karensa da ita. Mai karatu zai iya ganin abin ya yi ƙanƙanta a ware masa babi sukutum. Dalilin yin haka shi ne, a garin da malamai suka kafa, kuma fiƙihun Malikiyya ya zama dokarsa, wannan igiya tana da hannu wajen raba naman da za a kai gida da wanda za a bar wa ungulu. Ban da haka, ita ce take iya kai kare bakin daji da ƙarfinsa, ko ta kai shi a galabaice tun bai ga zomo ba.

Igiyar da ake magana a kai ta bambanta da wadda ake ɗaure kare da ita a turke cikin gida. Ta gida aikinta riƙewa kawai. Ta farauta kuwa ana bukatar ta riƙe kare mai fizga na tsawon tafiya, sannan ta sake shi cikin ƙiftawar ido idan nama ya tashi. Hanyoyi biyu ake bi a cim ma wannan. Ta farko ita ce zarge, inda ake yi wa bakin igiya hanci ko a sa masa ƙawanya, a zura ɗaya bakin a ciki, a sami da'irar da take tsukewa idan an ja, ta saki idan an sassauta. Ta biyu ita ce a sa wa kare abin wuya na fata, a zura igiya ta cikinsa, mafarauci ya haɗa bakunan biyu a hannu. Da ya saki baki ɗaya sai igiyar ta zare, kare ya wuce. Za a duba yadda waɗannan hanyoyi suka samu gindin zama a Sakkwato, da abubuwan da ake yin igiyar da su, da yadda suka sauya.

3.1 Birnin da Dajinsa

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya dawo cikinsa a 1815, a nan kuma Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Kware ko Ƙofar Dundaye a wancan zamani, fadama zai tarar a gabansa. Daga gabas kuma akwai dajin Gundumi, wanda ya raba Sakkwato da ƙasar Zamfara. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa shi a watan Maris na 1824, da rakiyar mahayan da Sarkin Musulmi Bello ya aika masa, ƙishirwa kuma ta wahalar da ayarinsa ƙwarai. Heinrich Barth, wanda ya bi ta nan a 1853, sai da ya yi tafiyar da ta zarce yini da kwana ba zango kafin ya fita daga cikinsa. Ke nan birnin ya tashi ne tsakanin fadama mai ciyawa da daji mai faɗi, wuraren da zomo da gada da barewa da zabin daji suke samun mafaka.

Irin wannan fili, mai sarari da ƙarancin duhuwa, ya fi dacewa da kare mai gani da gudu. Karen ƙasar nan siriri ne, mai dogayen ƙafafu da tsukakken ciki da ɗan ƙaramin kai. Daga arewa, ta hanyar Ƙonni da Tawa, akwai ƙasar Azawak inda Buzaye suke kiwon wani kare da ya fi wannan tsawo da sauri, wanda aka fara kai shi Turai a farkon shekarun 1970, har ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 2019. Siffar waɗannan karnuka tana da muhimmanci ga wannan bincike, domin kan da bai fi wuya kauri sosai ba yana saurin zamewa daga igiyar da ba ta tsuke ba. Wannan ne ya sa zarge ya karɓu. Shi ne kuma tushen matsalarsa, kamar yadda za a gani a gaba.

3.2 Matsayin Igiya a Fiƙihun Farauta

Musulunci ya halatta farauta da kare. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin da aka horar domin kamu, hadisin Adiyyu ɗan Hatimu da ke cikin Buhari da Muslim kuma ya kawo sharuɗɗan cin abin da suka kama. Mazhabar Malikiyya ta ma fi sauran sauƙi a kan kare, domin tana ɗaukar jikinsa da yawunsa a matsayin masu tsarki muddin yana da rai, kuma ba ta haramta naman da horarren kare ya ɗan ci wani abu daga jikinsa ba. An ruwaito cewa Sahnunu, wanda ya rasu a 854, yana ganin halaccin sayar da karen farauta har mutum ya yi aikin hajji da kuɗinsa. Duk da haka, a wuri ɗaya mazhabar ta tsananta, wato wajen yadda ake sakin karen.

Littattafan da ɗalibi yake bi a zaurukan Sakkwato sanannu ne: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar. Shehu da kansa ya karanci Muhtasar a wurin baffansa Usmanu Binduri. A cikin wannan littafi, wanda Halilu ɗan Ishaƙa ya wallafa a Masar cikin ƙarni na 14, an shar'anta cewa kafin a ci abin da kare ya kashe, sai ya zamana mafaraucin ne ya sake shi daga hannunsa, da niyya, da ambaton sunan Allah. Asalin maganar tana cikin Mudawwana. Da farko Imamu Malik ya ce idan kare yana sake a kusa da mai shi, ya ga nama, mai shi ya zuga shi ya tafi ya kama, to a ci. Daga baya ya janye wannan, ya ce ba za a ci ba sai karen ya tashi daga hannu. Almajirinsa Ibnul Ƙasim ya fi son maganar farko, amma Halilu ya ɗauki ta biyu, ita ce kuma aka fi karantarwa. Masu sharhi sun ƙara bayani cewa sakin kare daga ɗamara ko daga ƙarƙashin ƙafa daidai yake da saki daga hannu, haka nan hannun yaron mafarauci yana matsayin hannunsa.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa hannu tsura ba zai iya cika sharaɗin ba. Babu mai iya riƙe wuyan kare da yatsu tun daga ƙofar gari har cikin daji. Igiya ce take zama hannun da shari'a take nufi. Mafaraucin da ya bar karensa yana yawo a gabansa, karen ya tashi zomo da kansa ya kashe kafin a iso, ya yi asarar naman bisa wannan fatawa. Wanda ya riƙe nasa a igiya, ya ga zomon, ya yi bisimilla, ya saki, to ko da ya tarar karen ya riga ya kashe, naman ya halatta, muddin karen ya ji wa zomon rauni kuma shi mafaraucin bai yi sakaci wajen binsa ba.

Abin ban sha'awa shi ne, Muhtasar bai manta da kare mai fizga ba. Ya kawo mas'alar dabbar farauta da ta hau zumuɗi tana ja, alamar ta ji ko ta ga wani abu, mai ita kuma ya sake ta ba tare da shi ya ga komai ba. Hukuncin da ya bayar shi ne ba a cin abin da ta kashe, sai fa idan mai sakin ya yi niyyar abin da ta yi zumuɗi a kansa da duk wani abin da za ta kama, a nan ne malamai suka rabu biyu. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ba kare ne yake yanke lokacin saki ba. Dole igiya ta iya tsayar da shi a daidai lokacin da ya fi ƙarfin ja, har mai shi ya tabbatar da abin da ke gabansa. Igiyar da ta tsinke, ko ta zame daga kai, ko ta ƙona tafin hannu har aka sake ta ba shiri, ta ɓata niyya da bisimilla gaba ɗaya.

Haka kuma hadisin Adiyyu ya hana cin nama idan mutum ya tarar da wani kare tare da nasa, bai san wanda ya kashe ba, domin a kan nasa kaɗai ya ambaci sunan Allah. Wannan ya shafi farautar gayya kai tsaye, inda unguwanni da ƙauyuka suke haɗuwa da kiɗa da karnuka masu yawa. A irin wannan taro kare ɗaya da ya kuɓuce ba a sake shi ba yana iya jefa shakka a kan naman da wani ya sha wahala a kansa. Rigimar da aka san mafarauta da ita a kan wane ne ya fara kamu, wadda takan kai ga zare wuƙaƙe har sai Sarkin Dawa ko manyan 'yan tauri sun shiga tsakani, tana raguwa idan kowa ya san lokacin da ya saki nasa. Ba a cewa kowane mafarauci ya karanci Muhtasar. Sai dai a gari irin Sakkwato, inda mahauci da mai saye da limamin shiya duk suna iya tambayar yadda aka sami nama, hukunci yakan sauko daga zaure ya zama al'ada ko ga wanda bai taɓa buɗe littafi ba. Wannan ne ma ya sa mafarauci yake rataye wuƙarsa a inda hannu zai kai nan take, domin littafin ya ce wanda ya tarar da nama da sauran rai, ya tsaya laluben wuƙa cikin jaka har ya mutu, ba zai ci ba.

Riƙe kare da igiya domin farauta ya girmi duk waɗannan littattafai. A wani bincike da aka bayyana a 2017 an nuna zane-zanen kan duwatsu a Shuwaimis da Jubba cikin ƙasar Saudiyya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 8,000, inda ake ganin maharba da baka, da karnuka ɗaure da igiya a ƙugunsu. A Ingila ma, gasar tseren karnuka a kan zomo da aka yi ta yi daga 1836 zuwa 2005 tana da mutum na musamman wanda aikinsa kawai sakin karnuka biyu a lokaci guda. Abin da ya bambanta Sakkwato da ire-irenta shi ne dalilin riƙon ya haɗa da halal da haram.

3.3 Kayan Haɗi da Yadda Ake Yin Ta

A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Muhammadu Bello ya yi kira ga shugaba da ya kula da masu sana'a ya zaunar da su a garuruwa. Ya aikata hakan a birninsa. Har yau sunayen shiyoyi irin su Majema da Maɗunka da Takalmawa da Maƙera Assada suna nuna sana'ar da aka san mazaunansu da ita. Barth ya yaba kayan fata da na ƙarfe da ya gani a kasuwar Sakkwato a 1853. Saboda haka mafaraucin birni bai rasa inda zai sami fata jemammiya ko ƙawanyar ƙarfe ba, ko da yake yawancin igiyar shi yake tufka abarsa da hannunsa, a gindin bishiya, kafin kaka ta ƙare. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, to haka ba a tufkar igiya ranar.

Mafi arha ita ce igiyar kaba. Tana da kaushi, tana cin gashin wuya, kuma idan ta bushe sosai takan karye, don haka ba ta dace da kare mai ja ba. Ɓawon kuka da na kalgo sun fi ta ƙarfi. Rama ta fi su duka laushi: ana jiƙa karanta a ruwa har ɓawon ya saki, a ɓare, a wanke, a shanya, sannan a tufka. Wanda yake da hali yakan yi ta zaren auduga, irin wadda ake yi wa doki ragama. Sai kuma ƙiri, wato igiyar fatar sa, wadda ake yanka fatar a zagaye ta fito doguwa, a jiƙa, a murɗe, a miƙe ta a rana, a yi ta shafa mata kitse ko man shanu har ta yi laushi. Ƙiri ba ya tsinkewa da wasa, shi ya sa ake ɗaure kayan jaki da na raƙumi da shi. Aibinsa biyu ne. Idan ruwa ya taɓa shi ya bushe yakan ƙandare kamar itace, sannan kare yana jin ƙanshin nama a jikinsa, da an yi sakaci sai ya tauna shi.

Tsawon igiya yakan kai gaba ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan ta zurawa ce ta cikin abin wuya, dole ta fi haka tsawo tunda ninka ta ake yi, kuma bakin da za a saki ba a yi masa ƙulli ko kaɗan, sai dai a naɗe shi da zare siriri don kada ya warware, domin ƙulli zai maƙale a abin wuya ya fizge kare yana tsakiyar tashi. Kauri kuwa, abin da ya kai ɗan yatsa shi ne daidai. Siririyar igiya tana tara duk ƙarfin ja a wuri ɗaya ta shige cikin fata, mai kauri tana baza shi.

Wurin da gwaninta take shi ne da'irar zarge. Zargen da aka bari haka nan ba shi da iyaka: iya jan kare, iya shaƙewarsa. Abin da ya sa wannan ya fi muni a Sakkwato shi ne lokacin farauta. Ana fita ne da rani bayan an kawar da amfanin gona, har zuwa bazara, lokacin da zafi a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ke nan igiyar da ta danne maƙogwaro ta toshe masa hanyar numfashi da hanyar shan iska a lokaci guda. Karen da ya yi tafiyar awa biyu yana ja yana tari, ko an sake shi ba zai cim ma zomo ba. Wasu mafarauta suna ɗaukar fizga a matsayin alamar zuciya, har su yi wa karen kirari a kanta. Gaskiya ne kare mai zuciya yakan ja, amma barin sa ya shaƙe kansa ba ya ƙara masa komai sai gajiya.

Maganin wannan ƙulli ɗaya ne. Ana zagaya igiya a wuyan kare, a sama, bayan kunnuwa da ƙarƙashin muƙamuƙi, a bar sararin da yatsu biyu za su shiga, a sa alama. A daidai alamar ake yin ƙulli mai kaurin da ba zai wuce ta cikin ƙawanya ba, ta yadda ƙullin yana cikin da'irar. Komai jan da kare zai yi, ƙawanya tana isowa ƙullin za ta tsaya, da'irar ta matse iya yadda kai ba zai fita ba amma ba ta kai ga shaƙewa ba. Daga nan sai a kai wa baduku ya naɗe sashen da yake taɓa wuya da fatar akuya mai laushi, faɗin yatsu biyu ko uku, ya ɗinke da basilla, ɗinkin yana waje don kada ya goge fata. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai da sunan fatar Maroko saboda ta can take bi, ita ce ta fi dacewa da wannan aiki, musamman wadda aka jeme da bagaruwa. Mai son ado yakan sa a rina ta da karan dafi ta yi ja, ko da kuloko ta yi baƙi, wani kuma ya rataya laya a jiki. Ƙawanya ta fi hancin igiya kyau domin tana zamewa da sauƙi, da kare ya daina ja sai da'irar ta saki. Hancin igiya kuwa yakan cije ya ƙi komawa. Sai dai a tabbatar maƙeri ya haɗe bakinta ya goge, kada ta ci igiyar.

Ɓangaren mai riƙo ma yana bukatar kula. Naɗe igiya a wuyan hannu kuskure ne, domin babban kare yana iya kayar da mutum, kuma ba a iya saki da sauri. An fi so a ɗaura ɗan guntun itace mai santsi a baki a riƙe shi a tafi, ko a yi hanci mai faɗi a naɗe shi da fata. Maharbi mai baka, wanda yake bukatar hannu biyu, a ɗamara yake soke tasa.

Idan aka auna hanyoyin biyu, kowace da inda ta fi. Zarge mai ƙulli ya fi aminci a kan hanya da cikin gari, inda akwai awaki da kaji da yara, amma cire shi yana bukatar a sunkuya a buɗa da'irar a zare ta kan kunnuwa, a lokacin kuwa zomo ya yi nisa. Ta zurawa ta fi saurin saki nesa ba kusa ba, ita ce kuma ta fi dacewa da sharaɗin saki daga hannu, sai dai tana barin abin wuya a jikin kare, wanda reshe ko ƙaya za su iya kamawa yana cikin gudu. A ra'ayin wannan bincike, wanda ya fi kowa dabara shi ne mai tafiya da zarge har bakin daji, can ya mayar da igiyar ta zurawa.

3.4 Daga Zuwan Turawa Zuwa Igiyar Buhu

Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, bayan karon da aka yi a Giginya. Mulkinsu ya taɓa wannan 'yar sana'a ta fuskoki da ba su da alaƙa da juna. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanoni suka shiga sayen fatu da ƙiraga suna fitarwa. Fatar da a da ake yankawa a yi ƙiri ta zama abin kai wa sikeli a karɓi kuɗi. Kantuna kuma suka kawo sarƙa. Sarƙa ta yi amfani a turke domin kare ba ya iya tauna ta, amma a daji ba ta da daɗi: tana ƙara tana korar nama, tana ɗaukar zafin rana, tana kuma tsinke gashin wuya. Ta fuskar doka, an yi dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, wadda ta hana taɓa wasu dabbobi ta kuma sa lasisi a kan wasu. Farautar talaka da karensa ta ƙara komawa kan ƙananan namu. Ciwon haukan kare ma ya sa hukuma ta riƙa sa ido a kan karen da ke yawo ba mai shi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ta fara aiki a can a 1924, ta zama inda ake gwaji da yin allurar rigakafi.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa a arewacin lardin, birni kuma ya faɗaɗa bayan da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, gidaje suka cinye filayen da ake yankan kaba. A wannan shekara ce gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirinta na ciyar da ƙasa, ta Shehu Shagari ta biyo da nata a 1980, takin zamani ya yawaita a ƙauyuka cikin buhunan roba. Mutane suka gano ana iya warware buhun a tufka igiya da zarensa. Ba ta ruɓewa, ruwa ba ya ɓata ta, kusan kyauta ake samun ta. Cikin ɗan lokaci ita da igiyar nailan ta kasuwa suka kori rama da ƙiri daga turken akuya da bakin rijiya da wuyan kare.

Wannan sauƙi ya zo da hasara, kuma kare ne ya biya. Igiyar roba tana da ƙarfi ko tana siririya, don haka aka daina damuwa da kauri. Tana da santsi, ƙulli ba ya zama a jikinta sai an ninka shi ko an ɗan narka shi da wuta, da yawa kuwa ba sa yi. Idan kare ya fizga takan zare a tafi ta ƙona shi, a wuyan karen kuma ta bar zobe ba gashi, wani lokaci har gyambo. Tsohuwar igiyar rama takan tsinke idan abu ya yi tsanani, misali kare ya faɗo daga mota yana rataye. Ta roba ba ta tsinkewa. Wani bincike da likitocin dabbobi suka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa jan da kare yake yi da abin wuya yana ƙara matsin ruwan cikin idonsa, abin da ba a gani ba ga karnukan da aka ɗaura wa abin ƙirji. Ga dabbar da duk amfaninta yana ga idonta, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Masu lura daga cikin mafarauta sun nemo dabaru daga abin da zamani ya zubar, karen bana shi ke maganin zomon bana. Wasu suna zura sashen wuya cikin guntun tsohuwar tiyo ko robar tayar keke, wasu su naɗe shi da tsumma, wasu su yi amfani da maɗaurin tsohuwar jaka ko bel ɗin kujerar mota saboda faɗinsa. Roba tana hana yanka amma tana riƙe zafi, don haka fatar akuya har yanzu ta fi ta. Yadda ake zuwa daji ma ya sauya. A da da ƙafa ake fita, igiya ta yi aiki tun daga ƙofar gida. Daga baya aka koma ɗaukar hayar mota ko hawa babur, a ɗora kare a gaba a kan tanki. A nan ƙullin tsayarwa ya ƙara zama dole, domin karen da ya zame daga babur da zarge marar iyaka a wuyansa yana iya mutuwa kafin a taka birki.

Tun daga wajajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya kunno kai a Zamfara, ya tsallako gabashin Sakkwato, inda aka kai hari ƙauyen Tabanni na ƙaramar hukumar Raba a watan Yuli na 2018. Dajin Gundumi ya koma maɓoyar ɓarayi, kusan yadda Clapperton ya same shi a 1824, yankin Tangaza da Gudu kuma ya shiga bakin duniya a ƙarshen 2024 saboda Lakurawa. Mafarautan birni da yawa sun taƙaita fitarsu zuwa fadamun Rima da gonakin da ke kusa da gari, inda akwai masu noman rani da albasa da tumaki suna kiwo. Karen da ya kuɓuce a irin wannan wuri ba barewa zai tarar ba, ɗan akuyar wani zai kama, mai shi kuma ya biya.